Hayatu Mai Shayar da Zare

A kasuwar Talata Mafara, layin 'yan goro, akwai wani mutum ana ce masa Hayatu. Goro ya gada wajen ubansa, kuma tsakani da Allah ya iya. Hannu kawai zai tura cikin huhu ya gaya maka ko goron nan zai kai salla ko sankara ta fara cinsa. Da a nan ya tsaya, da babu labari. To amma Allah Ya yi shi da baki. Ba a taɓa ambaton wani abu a gabansa bai ce ya fi kowa saninsa ba. In an yi zancen jirgin sama, ya san abin da ke hana shi faɗowa. In likita ya yi wa mutum allura, Hayatu zai ce ba a wannan cinyar ya kamata ba.

Ana nan sai ya gani a wayarsa wani ɗan inji mai kamar akwati, ana zura masa zaren roba ta sama, yana narkar da shi yana tsiyayarwa layi bisa layi, har kofi ya tashi tsaye, ko cokali, ko haƙorin inji. Hayatu ya yi ta maimaita kallo har tuwo ya huce a gabansa. Bai yi shawara da kowa ba ya sayar da babur ɗinsa, ya tura kuɗin ga wani dillalin kayan lantarki a Kano mai suna Mas'udu, wanda bai taɓa gani ba sai a waya, ya ce a aiko masa da injin da zaren da ya fi kowane ƙarfi.

Kafin kaya su iso, ya riga ya kai labari teburin Jibo mai shayi. Jibon nan taubashinsa ne, don haka duk abin da ya ga dama yake gaya masa.

"Jibo, daga yau kada ka ƙara ce mani mai goro. Injiniya za ka ce."

"Injiniyan mi? Na fari ko na ja?"

"Yi dariyarka. In injin ga ya iso, babu mai sake tahiya Gusau neman kayan gyara. Manoman Bakura, na Maradun, har na Janbako, ni zan riƙa ƙera masu. Mutanen Caina su nemi wata sana'a."

"Wayyo bayin Allah," in ji Jibo yana juya shayi. "An gaya masu kuwa? Kada su ji a bakin duniya."

Ranar da kwalin ya iso, Hayatu ya buɗe shi a tsakar gida, matarsa Hamdiyya tana tsaye da ludayi a hannu. Ga inji, ga kwarkwaro biyu na zaren nailan fari sol, kowanne a cikin leda da aka zuƙe wa iska har ta manne, da wata 'yar jaka ta ƙwayoyi masu kama da gishiri.

Hayatu ya yage ledar, ya taɓa zaren, ya yi salati.

"Dubi rashin imani! Sun shaƙe shi, sun bar shi ya bushe ƙayau. Tun daga Caina ko kurɓin ruwa bai samu ba."

"Malam," in ji Hamdiyya, "ko haka ake aje shi? Ai wanda ya yi shi, shi ya ɗaure shi haka."

"Wanda ya yi shi bai san zahin Mafara ba. Ni a adana kaya na buɗe ido. Duk abin da ya taho daga nesa, mai tsada, in ka bari ya bushe ya mutu. Kawo mani algarara."

"To, gishirin ga hwa?"

"Gyara ce suka yi mani. Sa a miya."

Ta ce to. Yana juya baya ta jefa shi kwandon shara.

Hayatu ya jiƙa algarara sharkaf, ya shimfiɗa ganyen goro, ya naɗe kwarkwaron biyu kamar yadda ake naɗe marsa, ya kai su gindin randa inda ya fi ko'ina sanyi. Safe da yamma sai ya buɗe ya yayyafa ruwa, ya shafa, ya ce, "Yauwa, yanzu ka hwara dawowa hayyacinka."

Abin da bai sani ba, bai kuma tambaya ba, shi ne zaren nailan maƙishirci ne. Ko laimar ɗaki ya samu sai ya shanye, kuma ruwan nan shi ne ajalinsa in ya shiga inji. Don haka aka shaƙe shi a leda, ƙwayoyin nan kuwa masu tsotse laima ne. Shi Hayatu ya ba shi randa guda.

Cikin satin nan ya shiga motar haya ya tafi Bakura gaida surukinsa, Alhaji Barau, mahaifin Hamdiyya. Dattijo ne mai ƙarancin magana, manomin rani. Gonarsa tana kan tudu, sai an ɗago ruwa daga kanal da injin ban-ruwa. Hayatu ya tarar da shi a gindin darbejiya da mutane, an kewaye wata 'yar farfela da ta tsage gida biyu. Ita ce ke juyawa a cikin injin tana tura ruwa.

Ya cire takalmi daga nesa, ya durƙusa.

"Baba, an wuni lahiya?"

"Lahiya lau, Malam Hayatu. Ya iyali?"

"Suna gaishe ku."

"Ya kasuwa? Ya zahi?"

"Alhamdu lillahi, Baba. Ya aikin gona?"

"To, aikin gona ga shi a ƙasa ka gani," in ji Alhaji Barau yana nuna farfelar da sanda. "Albasa ta hwara sa kai, inji ya tsaya. Wani maƙwabci ya ara mani nashi jiya, amma kowa tashi ta ishe shi. Yanzu Sadi makanike zai tahi Gusau ya nemo wata."

Albasar nan ita ce cin gidan na shekara, kowa a wurin ya sani. Mutum mai hankali da sai ya ce Allah Ya sa a dace, ya yi shiru. Hayatu kuwa sai ya gyara durƙuso.

"Baba, kada kowa ya tahi ko'ina. Gusau ta zo gida. Ni zan ƙera ta."

"Kai?"

"Ni, Baba. Da nailan. Wadda zan yi, jikokinka za su gada."

Alhaji Barau ya dube shi, ya dubi jama'a. Mijin 'yarsa ne, a gaban mutane, kuma kunya ta hana shi cewa a'a.

"Malam Hayatu, albasa ba ta san jira ba."

"Kahin Sadi ya samu mota na gama, Baba."

"To. Alhamis nike so in ji injin ga shina kuka."

Hayatu ya zuba gutsattsarin a aljihu ya dawo Mafara yana jin kamar ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Da Hamdiyya ta ji, sai da ta zauna a kan turmi.

"Malam, gidan ubana hwa. Ka rasa inda za ka gwada sai can?"

"Gwaji? Wa ya ce maki gwaji na? Ki shirya guɗa."

Ya ɗauki hoton gutsattsarin ya tura wa Mas'udu, Mas'udu ya turo masa zanen farfela a waya, ya nuna masa yadda ake ba inji. Hayatu ya ƙi farawa a gida. Ya ce aikin da zai canza ƙasa ba a yin shi a ɓoye. Sai ranar Talata, kasuwa ta cika maƙil, ya ture faifan goro gefe, ya ɗora injin a tsakiyar rumfa, ya jawo wuta daga janaretan Jibo. Ya kwance huhu a gaban jama'a, ya fito da kwarkwaro ɗaya yana ɗigar ruwa, ya zura zaren, ya yi bisimilla ya danna.

Injin ya yi ɗumi, bakinsa ya sauko kan faranti, ya fara zagayawa. Sai aka ji tas! Tas-tas-tas! Kamar ana soya gugguru. Tururi ya riƙa fita daga tsinin bakin, zaren yana kumfa yana tofar da yawu.

Mutane suka ja da baya.

"Injiniya," in ji Jibo, "abin ga naka mura shi kai ko tari?"

"Ƙarhi na. Doki ma in ya ƙoshi shina huci."

"To mi ya sa shina tohi?"

"Ku ba ku san kimiyya ba. Datti shi ka hiddawa."

Aka tafi sallar azahar aka dawo. Abin da ke kan faranti ya ɗago gefe da gefe, ya nannaɗe kamar ganda a wuta, ya saki farantin. Bakin injin ya yi ta jansa yana yawo da shi, yana ta tsiyayar da zare a iska. Abin da aka samu a ƙarshe wani dunƙule ne fari, mai gashi buzu-buzu.

Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta leƙo ta ce, "Ɗan nan, in sheƙar kaza ka ke yi, ina son guda."

Hayatu ya koma bayan rumfa ya kira Mas'udu a asirce. Mas'udu ya ce nailan ba ya son zama a faranti, sai an shafa gam irin na 'yan makaranta. Hayatu ya dawo yana murmushi, ya ce dama yana gwada jama'a ne ya ga ko akwai mai lura. Amma da aka ce gam na 'yan makaranta, sai ya ga abin ya yi wa injiniya ƙanƙanta. Ya aika aka sayo masa zuma farar saƙa, ya shafe farantin da ita har tana zuba.

Farantin nan kuwa zafi yake yi. Ba a jima ba rumfar ta ɗauki ƙamshin alewa. Ƙudaje suka fara sallama. Bayan su tururuwa ta hau ƙafar tebur a jere. Can sai ga ƙudan zuma sun biyo dukiyarsu, ba su kuwa zo da niyyar ciniki ba. Layin 'yan goro ya watse. Mai daddawa ta kifar da faifanta. Jibo ya ruga ya kashe janareta, ɗaya ta same shi a fatar ido.

Da ƙura ta lafa, Jibo ya fito da ido ɗaya kumbure kamar ƙwan agwagwa.

"Hayatu, kira mutumin ga na Kano. A gabanmu. Ka buɗe murya kowa ya ji."

Babu yadda ya iya, ya kira, ya buɗe.

"Alhaji Injiniya," in ji Mas'udu daga waya, "ka ce yana tas-tas yana tururi? Ai ruwa ya sha. Ina fata ba ka bar ledar a buɗe ba?"

Hayatu ya dubi algarara, ya dubi ɗan tafkin da ya taru a ƙarƙashin tebur, ya matsa ya tsaya a kansa.

"A bushe shi ke ƙayau."

"Awa kihi," in ji Jibo.

"Wa ke magana?"

"Wani mara lahiya na, ido ya dame shi. Ci gaba."

"To ko ma dai yaya ne, a busar da shi. A sa shi a tanda, wuta kaɗan-kaɗan, ya daɗe. Kaɗan fa, Alhaji."

Hayatu ya kashe waya ya ce wa jama'a, "Yaran Kano ke nan. Ni ban yarda ba, amma don in hita hakkinku zan gwada."

Ya saɓa kwarkwaron ya nufi gidan burodin Bello da ke bayan tasha. Ya tarar an zuba burodin yamma a tanda, Bello ya zaga. Da ya tuna Alhamis na matsowa, sai ya ga wuta kaɗan-kaɗan ɓata lokaci ce. Ya buɗe ƙofar tandar, ya tura kwarkwaron can ciki kusa da garwashi, tsakanin gwangwanayen burodi, ya rufe, ya zauna a benci yana kaɗa ƙafa.

Warin ne ya dawo da Bello a guje. Yana buɗewa baƙin hayaƙi ya tokare shi. Kwarkwaron ya narke ya zube, zaren ya haɗe ya zama wani ƙaton fanke, ya rungume gwangwanayen da ke kusa. Burodin tanda guda ya ɗauki warin ƙonanniyar roba.

"Wane la'ananne ya sa mani taya a tanda?"

"Ba taya ba ce, Malam Bello, nailan na. Kuma wutarka ce ba ta da tarbiyya."

Bello ya ɗaga dogon cebur ɗin da yake fidda burodi. An ce ranar nan mutanen tasha sun ga injiniya ya tsallake kwata ba tare da ya tattare riga ba.

Kowa ya ɗauka shi ke nan, zai saduda ya aika Gusau. Ina! Da ya iso teburin Jibo yana haki, fuskarsa har walƙiya take yi.

"Kun gani? Kun gani da idonku? Mi na ce tun hwarko? Bushewa ka kashe shi! Na bi maganar yaron Kano, ga zare ya mutu. Da can da nike ba shi ruwa ko ƙorzane ya yi?"

"Hayatu," in ji Jibo, "ni ido guda ya rage mani, amma ina hango maka abin da kai ba ka gani da biyu."

Ya koma gida ya ciro kwarkwaron da ya rage. Ya ce kuskurensa ɗaya ne, yayyafi ya yi wa na farko kaɗan. Ya ɗauki bahon wankin Hamdiyya ya cika da ruwa, ya tsoma shi ciki gaba ɗaya, ya danne da dutsen niƙa kada ya taso.

Hamdiyya ta idar da salla ta same shi tsugune a kan baho.

"Malam, don Allah don Annabi, ka bari Sadi ya tahi Gusau. Ni zan kira Inna in ce injin naka na bai da lahiya. Ba wanda zai ji."

"In ce na kasa? A gaban Baba?"

"Gara ka ce a zaure da a gani a gona."

"Ke dai shirya guɗa na ce."

Ranar Laraba ya sayi gam ɗin da aka gaya masa tun farko, yana cewa dama shi ya yi niyya. A gida ya yi wannan karon, don 'yan goro sun ce in ya sake kawo injin layinsu za su kai ƙara wajen sarkin kasuwa. Injin ya wuni yana tas-tas yana huci kamar tukunyar ɗanwake. Da ikon Allah, kafin magariba wani abu ya tashi a kan faranti. In ka tsaya daga nesa, ka kanne ido, kana kuma son Hayatu, za ka iya cewa farfela ce. In ka matso, soso ne mai fukafukai, duk jikinsa huji, ga gashi ta ko'ina.

Hayatu ya kai ta wajen wanzami aka yi mata aski tas. Ya shafa mata man kaɗanya har ta yi sheƙi, ya naɗe ta a farin ƙyalle. Ya bi waya ya gayyato manoman da ya sani a Maradun da Morai, ya ce su zo su ga ƙarshen wahalarsu. Ya kuma ɗauko Yari maroƙi, ya biya shi tun daga hantsi har la'asar.

Alhamis da hantsi gonar Alhaji Barau ta cika kamar ana suna. Jibo ma ya rufe teburinsa ya biyo su, ya ce ko a makance sai ya je. Albasa kuwa ta yi laushi, ganyenta ya sunkuya, ƙasar kwamin ta tsattsage. Alhaji Barau yana tsaye da farar riga, ya dogara da sanda, ba ya kallon komai sai albasar.

Sai ga Hayatu a bayan ɗan acaɓa, cikin babbar riga mai aiki, Yari na biye yana ɗaga murya.

"Ga maƙerin da bai hura wuta! Hayatu angon Hamdiyya! Mai hana Caina barci! Zare a hannunka ƙarhe na!"

Hayatu ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaida surukinsa, aka yi gaisuwa har ta ƙare. Sannan ya buɗe ƙyallen.

Sadi makanike ya karɓa, ya juya ta, ya matsa da yatsa, ta lotsa.

"Wagga ta sabulu ce?"

"Sa ta dai."

Sadi ya gwada zura ta a sandar injin, ta ƙi shiga. Ya juya, ta ƙi.

"Hujin ya yi kaɗan. In aka tilasta…"

"Kauce. Sabon abu dole ya yi gardama."

Hayatu ya naɗe hannun riga, ya ɗauki dutse, ya yi ta bugu har farfelar ta shige tana ƙara. Aka ɗaure murfi, aka jefa mesa a kanal, aka ɗura ruwa. Ya ja igiya. Injin ya yi tari, ya kama.

Sai ga ruwa!

Wallahi ruwa ya fito. Ya bulbulo daga bakin mesa ya kwanta a kwamin farko, ƙasa tana sha tana ƙara. Jama'a suka ɗauki kabbara. Yari ya kusa shiɗewa. Har Alhaji Barau ya matso bakin mesar ya sunkuya, gefen bakinsa ya motsa kamar zai yi murmushi.

Hayatu ya haye kan wani buhun taki ya ɗaga hannu.

"Jama'a! Yau Allah Ya nuna maku bambancin mai ilimi da mai shayi. Duk mai son farfela, ko haƙorin injin niƙa, ko ƙahwar roba, ya ba da sunanshi. Nan gaba kaɗan jirgin ruwa zan…"

Ƙarrr. Ƙar-ƙar-ƙar.

Mesar ta yi tsalle kamar an taka maciji. Ruwan ya tsaya. Ta kumbura, ta yi kakari, ta yi gyatsa, sannan ta amayo. Farin abu ya fito da ƙarfi kamar taliya da shinkafa, ya watsu a sama, mafi yawansa ya sauka a kan wanda ya fi kowa kusa. Alhaji Barau ke nan. Injin ya yi wani kuka mai ban tausayi, ya girgiza, hayaƙi ya tashi, ya yi shiru.

Kowa ya juya ya dubi Alhaji Barau. Zare na reto a gemun dattijo, wani a kan hula, wani ya rataya a kunne.

Sadi ya kwance murfi ya leƙa, ya daɗe yana leƙe.

"Alhaji, da farfela kaɗai ta lalace. Yanzu sandar ta lanƙwashe, robar bakin ta ƙone. Injin gaba ɗai zai tahi Gusau, kuma ba aikin yini na ba."

Hayatu yana kan buhu har yanzu, hannunsa a sama. Ya sauke shi a hankali.

"Baba, ruwan kanal ɗin ga na. Ya cika kauri."

"Gaskiya ne," in ji Jibo. "Ni ma jiya na ga ana yanka shi da wuƙa."

Dariya ta ɓarke, har da masu faɗuwa a kan kunya. Alhaji Barau bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya zare zaren gemunsa ɗaya bayan ɗaya, ya yi salati a hankali. Ya dubi kwamin da ya sha, ya dubi sauran da suka miƙe har gindin giginya ba su sha ba. Ya raɗa wa Sadi magana, Sadi ya tafi bukka ya dawo da bokiti biyu da sandar ɗauka.

"Malam Hayatu."

"Na'am, Baba."

"Sauko. Tuɓe babbar rigar ga, kada ta ɓaci."

Ya sauko. Ya tuɓe.

"Inji zai tahi Gusau. Har ya dawo, albasa za ta sha sahe da marece. Ga kanal, ga kwami. Akwai tabarma a zaure, za a riƙa kawo maka tuwo. Zan aika a gaya wa iyalinka kada ta jira ka."

Mutum yana iya musu da dillali, yana iya musu da mai burodi, amma ba a musu da suruki. A karon farko a rayuwarsa Hayatu ya bi umarni ba gardama. Ya ce, "To, Baba." Ya saɓa sanda a wuya ya gangara kanal.

Jama'a ba su watse ba, don abin kallo bai ƙare ba. Ya hauro da bokiti biyu yana tangaɗi, wando ya jiƙe, taɓo har gwiwa. Sai ya ji murya a bayansa.

"Ga inji mai cin tuwo! Bai shan fetur, bai son baƙin mai!"

"Yari, don girman Allah yi shiru."

"Ina! Har la'asar ka biya ni, ni kuwa ban cin haram. Ga inji mai salla biyar! In ya tsaya a ba shi goro ya tashi! Hayatu na Alhaji Barau, ja ruwa, tudu naka na!"

Haka suka yi ta yi, Hayatu na gaba da bokiti, Yari na baya da kirari, Jibo na zaune a inuwa yana nuna masa kwamin da ya tsallake. Zuwa azahar ganyen da suka sha sun fara ɗaga kai.

Wani manomi da ya taho tun daga Maradun don ya ba da aikin farfela ya daɗe yana kallo. Can ya matso kusa da dattijo, ya rage murya, amma ba sosai ba.

"Alhaji, ni ma nawa injin ya kwanta. In wanga ya gama taka, ko za a ara mani shi?"

Alhaji Barau ya shafa gemu.

"Na gida na, ba na haya ba. Amma zan tambayi ɗiyata."

Hayatu ya ji. Ya sauke bokitan a bakin kwami, ya miƙe da ƙyar yana dafe da ƙugu, gumi na zuba ta haɓarsa. Ya dubi manomin, ya dubi jama'a. Kowa ya zaci haƙuri zai bayar.

"Ku dai ku lura da yadda nike zubawa," ya ce. "Ba kowa ya iya ba."

Ya saɓa sandarsa ya koma kanal. Allah Ya rufa mana asiri a gaban surukai.